Haraji a Kan Guzuri: Yadda Dokar Amurka Ta Juya wa Ma'aikatan Jiragen Sama Baya

Ranar 4 ga Yuli, 2025, yayin da Amurkawa ke bikin zagayowar ranar 'yancin ƙasarsu, Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan wata doguwar dokar haraji da kasafi mai ɗaruruwan shafuka. Kafofin labarai sun fi karkata ga manyan sassanta, wato rage kuɗin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, da ƙarin kuɗin tsaron iyaka, da sassauta haraji a kan tukuicin da ake bai wa masu hidima a gidajen abinci. A can cikin dokar akwai wani ɗan sashe da bai samu shiga kanun labarai ba. Wannan sashe ya garƙame wata ƙofa da aka sakaya a 2017 da sunan wucin gadi. Daga ranar, ma'aikacin albashi a Amurka ya rasa, har illa masha Allahu, damar cire kuɗin da ya kashe daga aljihunsa saboda aikin ubangidansa kafin gwamnatin tarayya ta lissafa masa haraji. Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai matuƙan jiragen sama da masu hidimar fasinjoji, mutanen da kusan rabin watansu kan ƙare a garuruwan da ba nasu ba.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da abincin matuƙin jirgin Amurka. Ruwanmu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin maganar, wadda duk mai karɓar albashi yake da rabo a cikinta: me ake kira kuɗin shiga? Duk abin da ya ratsa ta hannun mutum, ko kuwa abin da ya rage masa bayan ya cire ɗawainiyar nemo shi? Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ba su karanta ilimin akanta ba, amma babu falken da zai ƙidaya guzurin hanya da kuɗin zango a cikin ribarsa. Sai ya fitar da su tukuna ya san ko tafiyar ta yi albarka. Tsarin harajin zamani ya yarda da wannan ga ɗan kasuwa da kamfani ba tare da gardama ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne idan aka zo kan ma'aikaci.

Bari mu fara da yadda kuɗin guzurin yake. Kamfanonin jiragen Amurka su ke biyan otal da motar da ke kai ma'aikatansu masauki a duk garin da suka yada zango. Abinci kuwa ma'aikaci ne ke saya wa kansa. A madadin haka kamfani yana biyansa wani ɗan kuɗi a kan kowace awa, tun daga lokacin da ya kama aiki a tasharsa har zuwa lokacin da aka sallame shi bayan ya dawo, ko yana sararin sama, ko yana barci a otal. Kuɗin kan kama daga dala biyu zuwa uku da 'yan kai a awa, gwargwadon kamfani da yarjejeniyarsa da ƙungiyar ma'aikata, kuma na tafiyar ƙetare kan ɗan ɗara na cikin gida.

A ɗaya gefen, gwamnatin Amurka tana da nata jadawalin abin da take ganin ya ishi matafiyi ci da sha a rana. Hukumomi uku ke fitar da shi. Hukumar GSA mai kula da kadarori da sayayyar gwamnati ita ke ƙayyade na jihohi 48 da ke haɗe da juna. Ma'aikatar Tsaro ke yin na Alaska da Hawaii da sauran yankunan Amurka na nesa. Ma'aikatar Harkokin Waje kuma ke yin na biranen duniya, tana sabunta shi kowane wata. An yi jadawalin ne domin ma'aikatan gwamnati, amma hukumar tara haraji, IRS, ta ɗauke shi a matsayin ma'auni ga kowa. Abin da kamfani ya biya ma'aikacinsa, matuƙar bai wuce adadin jadawali ba, ba a kiransa albashi, ba a ɗora masa haraji, kuma ba a neman rasiɗin kowane kwanon abinci. Ya isa a nuna rana da gari da dalilin tafiya. Saboda ma'aikatan sufuri kan ratsa garuruwa da yawa a tafiya guda, sai aka sauƙaƙa musu da adadi ɗaya: a 2017 dala 63 a rana a cikin ƙasa da dala 68 a waje, daga Oktoban 2024 kuma dala 80 da dala 86. Ranar tashi da ranar dawowa ana ƙidaya kashi uku cikin huɗu ne na adadin.

Akwai sharuɗɗa biyu da kotuna suka kafa tun da daɗewa, kuma duk wanda bai san su ba ba zai fahimci rikicin ba. Na farko ya fito ne daga shari'ar wani ɗan tallan kamfanin sarin kayan masarufi a Jihar Tennessee mai suna Correll, wanda kan fita da asuba, ya karya kumallo ya ci abincin rana a hanya, ya dawo gida cin abincin dare. Ya nemi a cire masa kuɗin abincin hanyar daga abin da za a yi wa haraji. A 1967 Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukumar haraji cewa ba a kiran mutum matafiyi sai tafiyarsa ta kai ga buƙatar barci ko hutu a wani wuri. Shi ya sa har yau ma'aikaciyar jirgin da ta tashi da safe ta je ta dawo a yini guda, ko da ta yi awa goma sha biyu a tsaye, ɗan guzurin da aka ba ta albashi ne a idon doka, sai an cire masa haraji. Na biyu ya girmi wannan. A 1946 kotun ta yanke hukunci a kan wani lauya mai suna Flowers, wanda ke zaune a Jackson ta Jihar Mississippi alhali ofishin kamfanin jirgin ƙasan da yake wa aiki yana Mobile ta Jihar Alabama. Kotu ta ce nisan da ke tsakanin gidansa da wurin aikinsa zaɓinsa ne, don haka ɗawainiyarsa ce. A kan wannan tushe ne ake ɗaukar tashar da aka ajiye ma'aikacin jirgi a matsayin gidansa, ko da iyalinsa na wata jiha. Dubban ma'aikatan da tsadar haya ta hana su zama a Niyok ko San Francisco, suke hawa jirgi su zo aiki, suke kwana a ɗakunan haɗaka kusa da filin jirgi a kan gadaje masu hawa biyu, ba su taɓa samun rangwamen ko sisi a kan wannan ba, ko a zamanin da ƙofar take buɗe.

Abin da ƙofar ta ba su shi ne giɓin da ke tsakanin jadawalin gwamnati da abin da kamfani ya biya. Tarihin wannan giɓi yana da ban sha'awa. Kafin 1986 ana cire kuɗin abincin tafiyar aiki baki ɗaya. Garambawul ɗin haraji na wannan shekara ya mayar da shi kashi 80 cikin 100, dokar 1993 kuma ta sake rage shi zuwa kashi 50, bisa hujjar cewa ko mutum yana gida sai ya ci abinci, kuma manyan 'yan kasuwa sun mayar da liyafa hanyar kauce wa haraji. Amma a 1997 majalisar dokokin ta waiwayo ta ware wani rukuni: waɗanda dokokin Ma'aikatar Sufuri ke ƙayyade wa awannin aiki da na hutu, wato ma'aikatan jiragen sama, da direbobin manyan motoci da bas-bas masu ƙetare jihohi, da wasu ma'aikatan jiragen ƙasa da na ruwa. Aka riƙa ɗaga nasu kason sannu a hankali, daga kashi 55 a 1998 har ya koma kashi 80 a 2008. A lura da wannan da kyau. Majalisar da kanta ta amince cewa cin abincin waɗannan mutane a waje tilas ce ta aiki. Doka ce ta ce su tsaya su huta a inda awanninsu suka ƙare, kuma babu murhu a ɗakin otal.

Ga misalin lissafi, domin a ga girman abin da ƙanƙantarsa. A ɗauka wata ma'aikaciya ta yi tafiyar kwana huɗu a cikin Amurka a 2017, awa 75 ke nan tsakanin fita da dawowa, kamfaninta na biyan dala biyu a awa. Ta karɓi dala 150. Jadawali kuma ya ba ta dala 63 sau biyu na cikakkun ranaku, da dala 47.25 sau biyu na ranar tashi da ta dawowa, jimla dala 220.50. Giɓin dala 70.50 ne, kashi 80 cikin 100 nasa kuma dala 56.40. Idan ta yi irin wannan tafiya sau 45 a shekara, abin da za ta iya nema ya kai dala 2,538. Sai dai akwai shingaye biyu a gabanta. Dokar 1986 ta ce irin wannan ɗawainiya ba ta shiga lissafi sai abin da ya haura kashi biyu cikin 100 na kuɗin shigar mutum. Idan tana samun dala 50,000 a shekara, dala 1,000 ta farko ta tafi, saura 1,538. Shinge na biyu ya fi tsawo. A Amurka mai biyan haraji yana zaɓar ɗaya cikin biyu, ko ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da ake bai wa kowa ba tare da tambaya ba, ko ya jero ɗawainiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan bashin gida da harajin jiha da sadaka. A 2017 rangwamen bai-ɗaya na mutum guda dala 6,350 ne. Idan jerin nata bai wuce wannan ba, wahalar lissafin ta tashi a banza. Idan ma ya wuce, harajin da za ta tsira da shi daga wannan giɓi bai kai dala 400 ba.

Lamarin babban matuƙi mai zuwa ƙetare dabam ne. Shi yakan bar adadin bai-ɗaya na ma'aikatan sufuri ya bi jadawalin birni-birni, inda kuɗin abincin rana guda a wurare irin su Landan da Tokiyo ya haura dala 100 nesa ba kusa ba. Yana da gida da bashin banki a kansa, don haka dama jero ɗawainiyoyinsa yake yi. Ga shi kuma a matakin haraji na sama, inda kowace dalar da aka cire ta fi daraja. Giɓinsa kan kai dubban daloli a shekara. Har wata 'yar sana'a ta tsiro a gefe, ta kamfanonin da ke karɓar littafin tafiye-tafiyen matuƙi su lissafa masa abin da zai nema.

Wannan ne ya sa ba zan ce masu rufe ƙofar ba su da hujja ba. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 22 ga Disamba, 2017 ta dakatar da wannan rukunin rangwame daga 2018 zuwa ƙarshen 2025, ta kuma ɗaga rangwamen bai-ɗaya zuwa dala 12,000 ga mutum guda da 24,000 ga ma'aurata. Masu goyon bayanta sun ce an sauƙaƙa wa jama'a, kuma gaskiya ne cewa masu jero ɗawainiya sun ragu daga kusan kashi 30 cikin 100 na masu biyan haraji zuwa kimanin kashi 10. Sun ce tsohon tsarin ya fi amfanar mai babban albashi, kuma lissafin da ke sama ya nuna hakan. Suna da wata hujja ta uku da ba a cika son faɗa ba: rangwamen ya dogara ne ga jadawali, ba ga abin da aka kashe a zahiri ba. Ma'aikacin da ya dafo abincinsa daga gida ya zuba a jakar sanyi, abin da da yawansu ke yi, yana iya neman cikakken kuɗin Landan alhali bai sayi ko shayi a can ba.

Duk da haka ina ganin an yi kuskure, kuma kuskuren ya fi na lissafi zurfi. Rangwamen bai-ɗaya na kowa ne. Magatakardan da ke kwana a gidansa kullum, yana cin abin da aka dafa a tukunyar gida, yana samun daidai abin da ma'aikaciyar da ta kwana 140 a otal take samu. Idan albashinsu ɗaya ne, harajinsu ɗaya ne, alhali abin da ya rage a hannunsu bayan ɗawainiyar aiki ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar adalcin haraji da muke koya wa ɗalibai tun ajin farko ita ce a yi wa masu hali ɗaya hukunci ɗaya, masu hali dabam kuma hukunci dabam. Nan an ɗauki mutum biyu masu hali dabam an yi musu kuɗin goro. Ninkin rangwamen ma bai kai yadda aka yi ta yayatawa ba, domin dokar ta soke wani rangwamen na dala 4,050 da ake bai wa kowane mutum a kan kansa da kowane wanda yake ciyarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka bar wa ƙofar a buɗe. Kamfani yana nan yana cire abin da ya kashe wa ma'aikatansa a tafiya, kuma dokar 2017 ɗin ce ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin 100. Direban babbar mota mai zaman kansa yana nan yana cire kashi 80 na kuɗin abincinsa. Abokinsa da ke tuƙa irin motar a kan hanya ɗaya, suna tsayawa a tasha ɗaya suna cin abinci ɗaya, ba shi da wannan dama saboda shi ɗan albashi ne. Ko a cikin 'yan albashin an yi togaciya ga sojojin ko-ta-kwana, da wasu masu wasan kwaikwayo da kiɗa, da jami'an jihohi da ake biya bisa aikin da suka yi, da masu buƙata ta musamman. Ashe dai majalisar ba ta yi watsi da ƙa'idar cewa ɗawainiyar aiki ba riba ba ce. Zaɓar waɗanda za su ci moriyarta kawai ta yi.

Dokar 2025 ta ƙara da wani abin takaici. Ta kawo sassaucin haraji a kan kuɗin aikin ƙarin lokaci, aka yi ta shela cewa an tuna da ma'aikata. Amma sassaucin ya rataya ne ga ƙarin lokacin da dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta biya, ita kuwa wannan doka ta cire ma'aikatan kamfanonin jiragen sama daga tanadinta na ƙarin lokaci, domin suna ƙarƙashin wata dokar dabam. Sakamakon haka, doka guda ta tabbatar musu da asarar tsohon rangwame, ta kuma tsallake mafi yawansu wajen rabon sabo.

Waccan dokar ta dabam ita ce ta ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936, kuma ita ce ke bayyana dalilin da ya sa shawarar “su je su nemi ƙari wurin kamfani” ba ta da sauƙi kamar yadda take a baki. A ƙarƙashinta yarjejeniyar ma'aikata da kamfani ba ta ƙarewa. Lokacin gyaranta ne kawai ke zuwa, tsohuwar kuma ta ci gaba da aiki har a cimma sabuwa. Ba a shiga yajin aiki sai hukumar sasanci ta ƙasa ta sallami ɓangarorin, sannan a jira kwana 30. Tattaunawa kan ɗauki shekaru, kuɗin guzuri na tsaye cik, farashin abinci na tafiya. A watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100. Masu hidimar fasinjoji na American Airlines sun shafe fiye da shekara biyar babu ƙarin albashi kafin su amince da sabuwar yarjejeniya a Satumban 2024. A tuna kuma cewa bisa al'adar wannan sana'a, agogon albashi ba ya fara bugawa sai an rufe ƙofar jirgi. Duk hidimar shigar da fasinjoji da jera kaya ba a biyanta, har sai da kamfanin Delta ya fara biyan rabin kuɗin awa a kanta a 2022, wasu suka biyo baya. Ga sabon ma'aikaci mai ƙaramin albashi, ɗan guzurin nan kan zama abin cike giɓin kuɗin haya. Yana matse cikinsa a hanya domin ya kai wani abu gida. Wannan shi ne mutumin da ake sa ran zai fitar da fasinjoji daga jirgi cikin daƙiƙa 90 idan wuta ta tashi.

An yi yunƙurin gyara. Sanata Bob Casey na Jihar Pennsylvania ya sha gabatar da ƙudurin dawo wa ma'aikata da rangwamen ɗawainiyar aiki da na kuɗin ƙungiya, ƙungiyoyin ƙwadago suka mara masa baya. Ƙudurin bai zama doka ba, shi ma ya rasa kujerarsa a zaɓen 2024. Abin da ya rage shi ne wasu jihohi, irin su Kalifoniya da Niyok da Pennsylvania, da ba su bi sahun tarayya ba wajen nasu harajin.

Ba dole ba ne sai an zaɓi tsakanin tsohon tsari mai sarƙaƙiya da rufe ƙofa gaba ɗaya. A Jamus ma'aikacin da aiki ya fitar da shi yana da Yuro 28 na cikakkiyar rana da Yuro 14 na ranar tashi ko dawowa a cikin ƙasa, ma'aikatar kuɗi kuma na wallafa jadawalin ƙasashen waje. Abin da kamfani bai biya ba, ma'aikaci na iya nema a takardar harajinsa, idan kuma kamfani ya ciyar da shi sai a rage: kashi 20 cikin 100 na karin kumallo, kashi 40 na abincin rana ko na dare. Wannan ragin ya toshe wani ɓangare na ƙorafin cewa ana neman kuɗin abincin da ba a saya ba. Birtaniya kuma ta ƙayyade adadi guda a shekara, fam 1,022 ga matuƙi da fam 720 ga mai hidimar fasinjoji. Nata ya shafi kayan sawa da kayan aiki ne, ba abinci ba, amma dabarar ce abin dubawa: adadi sananne, babu tarin rasiɗai, kuma ƙaramin ma'aikaci na samunsa ba tare da ya ɗauki akanta ba. Da sauƙi kaɗai Amurka take nema, da ta bi irin wannan hanya.

A nan gida maganar ba baƙuwa ba ce. Jiragen kamfanonin Najeriya na kwana a ƙasashen waje. Air Peace ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Landan a Maris na 2024, kuma kowace shekara ma'aikatan jiragen jigilar alhazai kan yi makonni tsakanin filayen jiragenmu da Jidda da Madina. Dokar harajin kuɗin shiga da muka daɗe muna aiki da ita ta ɗauki alawus a matsayin abin yi wa haraji, amma ta ware kuɗin da ma'aikaci ya kashe wajen gudanar da aikinsa, wanda ba a yi nufin ya ci riba da shi ba. Sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda aka tsara ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 ta farko, ta kai matakin ƙoli kashi 25 cikin 100, ta kuma soke dunƙulallen rangwamen nan da kowane ma'aikaci ke samu tun 2011. A madadinsa ta kawo rangwamen haya, kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, wanda ba zai wuce Naira 500,000 ba, tare da abubuwa irin su fansho da inshorar lafiya da ta rai. Tunda dunƙulallen rangwamen ya tafi, komai ya koma kan tambaya guda: wannan kuɗi da aka ba ma'aikaci, mayar masa da abin da ya kashe aka yi, ko albashi ne aka sauya wa suna?

Faɗuwar darajar Naira ta ƙara wa tambayar nauyi. A ɗauka ma'aikaci ya kwana goma a waje cikin wata, ana ba shi dala 100 a kowane kwana. A farkon 2023, bisa farashin gwamnati, dala 1,000 ɗin nan ba ta kai Naira 500,000 ba. Bayan an saki Naira a watan Yunin wannan shekara, sai ga ta ta kai kusan Naira miliyan ɗaya da rabi a 2024. Jami'in harajin jiha da ya ga wannan adadi a takardar albashi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, zai yi wuya bai ga dukiya ba. Alhali kwanon abincin da ake saya a Landan bai ƙara girma ba. A ɗaya hannun kuma, mu ma mun san halinmu. Mun san yadda ake sassaƙa albashi a mayar da rabinsa alawus domin a rage haraji da kuɗin fansho, mun san yadda guzurin tafiya ƙasar waje ya zama ganima a wasu ofisoshi, har ana ƙirƙiro taro domin a same shi. Shakkar jami'in haraji tana da tushe.

Maganin ɓangarorin biyu guda ne, kuma shi ne abu mafi amfani a tsarin Amurka, wanda ko dokar 2017 ba ta taɓa shi ba: jadawali bayyananne. Gwamnatin Tarayya ta san yadda ake yinsa, domin tana da na ma'aikatanta. Wanda ta sabunta a 2022 ya fara daga Naira 10,000 a kwana ga mafi ƙanƙantar ma'aikaci har Naira 80,000 ga minista, kodayake wannan ma'aunin muƙami ne, ba na tsadar gari ba, sai ka ce farashin tuwo na tambayar matakin albashi. Abin da nake ganin ya dace shi ne hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, wadda sabuwar doka ta kafa, ta zauna da kamfanonin jirage da ƙungiyoyin ma'aikata irin su NAAPE da NUATE, ta fitar da adadin da za a ɗauka a matsayin guzuri tsantsa a kowane birni da jiragenmu ke kwana, daga Kano da Fatakwal zuwa Akara da Jidda da Landan. Na ƙasashen waje a rubuta shi da kuɗin da ake kashewa a can, domin kada faɗuwar Naira ta mayar da shi abin yi wa haraji. Abin da ya haura adadin a ɗauke shi albashi. Idan kamfani ya biya ƙasa da shi, ma'aikaci ya sami damar cire giɓin ba tare da shingen da ya hana ƙananan ma'aikatan Amurka amfana ba. A sabunta shi kowace shekara, jihohi 36 da Abuja su yi aiki da guda ɗaya, a kuma faɗaɗa shi ga direbobin tankoki da tireloli masu albashi, waɗanda kan kwana uku ko huɗu tsakanin Legas da Maiduguri. Lokacin da ya fi dacewa a fitar da na farko shi ne kafin a fara jigilar alhazai, sa'ad da ma'aikatan jiragenmu suka fi yawan kwana a waje.